Fulawar Tsakar Gida: Abin Da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Sayi Tukunya

Duk gidan da ake rainon fulawa akwai tukunya guda da ba a barin baƙo ya tafi bai gan ta ba. Ana gama gaisawa, tun kafin a kawo ruwa, sai uwargida ta ce, "Maman Abba, taso ki ga yadda ta buɗe yau." Daga nan sai tarihi: wace ce ta ba ta reshen, daga wane gari aka zo da shi, wace shekara akuyar maƙwabta ta shigo ta cinye shi har ƙasa ya sake tohowa. Maza ma haka suke, sai dai su a ƙofar gida suke nasu, ka ga dattijo bayan la'asar da almakashi yana daidaita shingen da ya dasa, wanda ya wuce ya yaba kuwa ya sami aboki.

Wannan alfahari yana da dalili. A Kano ko Katsina ko Maraɗi ruwan sama na sosai bai wuce na wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba, a watan Afrilu kuma zafi yakan kai digiri 40 har ya ɗara. Idan ka ga kore shar a tsakar gida a irin wannan lokaci, to akwai wanda yake tashi kullum yana ɗaukar bokiti. Amma ga kowane gida guda da abin ya karɓa, akwai gidaje da dama da aka sayo fulawa a bakin titi da murna, kafin wata ya zagayo ta bushe, mai ita ta yanke hukunci cewa ita ba ta da hannu. Ni ban yarda da maganar hannu ba. Abin da ke kashe yawancin fulawar gida biyu ne: an zaɓi shukar da ba ta dace da wurin ba, ko kuma an cika mata ruwa. Wanda ya gyara waɗannan biyun, sauran ilimin zai same shi a hankali.

Idan za a tambaye ni wace shuka ce ta fi cancanta a yi taƙama da ita a ƙasar Hausa, kariya zan ce. Masana tsirrai suna kiranta Adenium obesum, kuma 'yar ƙasa ce, tana fitowa da kanta a busassun wurare tun daga Senegal har Sudan da gabashin Afirka da kudancin ƙasar Larabawa. Gindinta a kumbure yake, fatarsa toka-toka, sumul, a nan take ajiye ruwan da za ta ci rani da shi. Rassanta gajeru ne masu kauri, ganye a can ƙarshensu kawai. Abin da ke sa mutum ya tsaya shi ne lokacin da take zaɓa ta yi fure. Sai rani ya yi nisa, ganyenta ya zube, ciyawa ta ƙone, ƙura ta rufe komai, sannan za ka ga sandunan nan tsirara sun fitar da furanni ruwan hoda, bakinsu ja, cikinsu fari-fari. Kakanninmu sun san ta, sun dasa ta a garuruwa, maharba kuma sun san ta ta wata fuskar, domin ruwan jikinta yana cikin abin da ake haɗa dafin kibiya da shi.

Yau kariya ta zama abin kasuwanci a duniya. A Tailan da Taiwan an yi shekaru ana haɗa irinta, an fitar da mai fure fari fat, da ja wur, da mai zane, da mai ninki biyu ko uku. Irin waɗannan ne ake shigowa da su ana sayarwa da tsada a Abuja da Legas, alhali uwarsu tana tsaye a dajinmu babu mai ba ta ko cokalin ruwa. Mai saye ya san abu guda: masu ninkin nan galibi aure aka yi musu, wato an yanko reshen mai kyaun fure an ɗora a kan gindin wata da aka shuka daga iri. Idan ka duba za ka ga tabon mahaɗar. Duk tohon da ya fito ƙasa da wannan tabo na gindin ne, furensa na asali zai yi, kuma idan aka bar shi yakan rinjayi na saman.

Ana samun kariya ta hanya biyu, kuma sakamakon ba ɗaya ba ne. Reshe yana kamawa, yana saurin fure, amma da wuya ya yi ƙaton gindin nan da ake so. Mai son gindi sai ya bi ta iri. Bayan fure takan fitar da kwanso biyu a manne, sun buɗe hagu da dama kamar ƙahon sa. Idan suka nuna sai su tsage, 'ya'yan kuwa dogaye ne sirara, kowanne da gashi a kai da gindi, iska kaɗan ta isa ta kwashe su. Shi ya sa masu sanin ta suke ɗaure kwanson da zare tun bai tsage ba. A cire gashin, a kwantar da irin a kan yashi mai danshi, a rufe sama-sama. Sabon iri yakan tsiro cikin mako guda, kuma tun yana ɗan tsiro za ka ga cikinsa ya fara tasowa. Duk lokacin da za a sauya mata tukunya, a ɗaga gindin sama kaɗan a bar wani sashe na manyan saiwoyi a waje. Haka ake samun siffar da ke sa kowace kariya ta bambanta da 'yar uwarta, kuma wannan aikin shekaru ne, kuɗi ba ya gaggauta shi.

Abokin gabanta ɗaya ne, ruwa mai kwanciya. Kariyar da ta sha zafin Afrilu lafiya lau tana iya ruɓewa a watan Agusta idan tukunyarta ba ta zubar da ruwa. Alamar ita ce ka matsa gindin ka ji ya yi laushi, ganye ya yi rawaya. Idan an farga da wuri, a tumɓuke ta, a yanke duk inda ya ruɓe da wuƙa mai tsabta har a kai ga farin nama, a ajiye ta a inuwa kwanaki ta bushe, sannan a mayar da ita cikin yashi. Tana da taurin rai, sau da yawa takan dawo.

Ta biyu a wurina ita ce boganbiliya, mai ƙaya ɗin nan da ke hawa katanga ta zubo waje da ja ko shunayya ko fari ko ruwan lemo. Baƙuwa ce daga Kudancin Amurka. Sunanta na wani jagoran jirgin ruwan Faransa ne, Louis Antoine de Bougainville, wanda ayarinsa ya yada zango a Riyo ta ƙasar Barazil a 1767. A cikin ayarin akwai masanin tsirrai Philibert Commerson da mataimakiyarsa Jeanne Baret, wadda ta yi shigar maza don a bar ta ta hau jirgin, kuma ita ake ɗauka mace ta farko da ta kewaye duniya. Abin da mutane ke ce wa furen boganbiliya ganye ne da ya rikiɗe ya yi launi. Ainihin furen ƙarami ne fari, guda uku a tsakiya, sai ka matso za ka gan su.

Ƙorafin da aka fi yi a kanta shi ne, "Tawa ganye kawai take yi." Kusan kullum amsar ɗaya ce: gata ya yi mata yawa. Boganbiliyar da ake ba ruwa safe da yamma, ana zuba mata yuriya, ko aka ajiye ta a inuwa, za ta yi ta miƙa rassa kore ba fure. Tana son rana tun daga hantsi har la'asar, kuma tana son a bar ƙasarta ta bushe har ganyen ya fara sunkuyawa kafin a sake ba ta. Shi ya sa ta fi kyau da rani, kuma shi ya sa wadda aka manta da ita a bayan katangar tsohuwar makaranta ta fi wadda ake lallaɓawa a baranda. Launin yana fitowa ne a sabon toho, don haka idan zagaye ɗaya na fure ya wuce a rage kan rassan. Saiwarta kuma ba ta son a dame ta. Wajen dashe a yanka ledar a hankali a sa ta da ƙasarta gaba ɗaya.

Akwai wata shukar da muke da ita tun fil azal amma ba mu cika lissafa ta cikin kayan ado ba, wato lalle. Kowa ya san ganyensa, kaɗan ne suka kula da furensa, ƙanana farare a cure, masu ƙamshin da ke cika tsakar gida da daddare. Lalle yana kamawa daga reshe, yana jure fari, yana karɓar aski ya zama shinge, ga shi kuma idan biki ya zo ba sai an je kasuwa ba. Gidan da ke da wuri ɗaya tak na shuka a ƙasa, ni lalle zan ba shi shawara. Kusa da shi a sa ɗoɗɗoya da na'ana'a a tsohon bokiti, a sami ƙamshi a sami na shayi.

Wanda yake haya, ko tsakar gidansa duk siminti ne, ƙananan shukoki sun ishe shi. Akwai 'yar ƙaramar nan mai ganye sirara masu ruwa, 'yar uwar halshen saniya, wadda furenta ke buɗewa da hantsi ya rufe da yamma. Ko tsinke guda aka karya aka soka a yashi sai ta kama, cikin 'yan makonni ta rufe bakin kasko. Akwai moda, mai dogayen ganye tsaye masu zane, wadda iyayenmu suke fitar da zare daga jikinta su tufka igiya da tsirkiyar baka. Ita tana haƙuri da inuwa, tana zama a falo, kuma ko an yi tafiyar mako biyu aka bar ta ba ruwa za a dawo a same ta. Ana yawan cewa tana tace iskar ɗaki. Maganar ta samo asali ne daga wani gwaji da hukumar NASA ta Amurka ta yi a 1989 a cikin ƙananan akwatuna rufaffu. A ɗaki na gaske tukunya ɗaya ko biyu ba sa yin abin da buɗe taga zai yi, don haka a ajiye ta saboda kyaunta. Sai alobera, 'yar uwar kabar giwa ta dajinmu, wadda ke haihuwar 'ya'ya a gindinta har a rasa inda za a kai su. Sai kuma feriwinkil, mai fure fari ko ruwan hoda mai kunne biyar, wadda ke tsirowa ko a tsagar daɓe. Asalinta Madagaska, kuma daga jikinta masana suka fitar da magungunan vinblastine da vincristine a ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960, waɗanda har yau ake yi wa yara masu sankarar jini magani da su. Wannan aikin ɗakin bincike ne. Dafa ganyenta a sha guba ne.

Furen wardi fa? Shi ne kowa ke so, shi ne kuma ya fi karya zuciya. A Jos yana yi sosai, domin garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, darensa da sanyi. Kano ba ta kai mita 500 ba. Wardin da aka ɗauko daga Filato da furensa manya, idan ya sauka Sakkwato ko Gusau a watan Maris, furen zai ƙanƙance, gefensa ya ƙone, daga baya itacen ya bi. Ana iya raya shi, akwai masu yi, amma sai an ba shi ranar safe kaɗai, da inuwar azahar, da ƙasa mai taki, da ruwa ba fashi, kuma lokacin hunturu ne zai biya ka wahalarka. Wanda yake farawa kada ya fara da shi, son maso wani ƙoshin wahala ne. Mai son babban fure ja ya nemi habiskus, dangin yakuwa da rama da kuɓewa da auduga. Duba furen kuɓewa ka duba nasa za ka ga jini ɗaya ne. Shi ma yana shan ruwa, amma ya san zafi. Furensa kwana ɗaya yake yi ya faɗi, gobe wani ya buɗe, don haka faɗuwarsa ba ciwo ba ne.

A nan ya kamata a yi hattara da masu sayarwa na bakin titi. Yawancinsu mutanen kirki ne masu sanin aikinsu, amma shukokinsu a ƙarƙashin inuwar bishiya suke, kusa da ruwa, ana yi musu ban-ruwa kullum. Ka ɗauko ka dire a tsakiyar siminti da rana tsaka, kwana biyu ganye ya soye. Sabuwar shuka a ajiye ta inda rana ke taɓa ta da safe kawai, a riƙa matsar da ita a hankali har ta saba. Kafin ka biya ka tambaya, "Malam, wannan ta rana ce ko ta inuwa?" Ka ɗaga ledar ka ga ko saiwa ta fito, domin akan soka reshe mai fure a ƙasa jiya a sayar yau. Haka kuma hotunan da ake tallar iri da su a intanet, wardi shuɗi ko mai launi bakwai, yaudara ce. Wardi ba ya yin shuɗi da kansa. Ko wanda kamfanin Suntory na Japan ya sanar a 2004 bayan sauya ƙwayoyin halitta, shunayya-shunayya ya fito.

Maganar ƙasa da tukunya ba ta da wuya. Tukunya dole ta kasance da huji a ƙasa, ko ta ƙasa ce, ko bokitin fenti, ko jarkar da aka yanke. Ta ƙasa ta fi, domin tana numfashi tana sanyaya saiwa, baƙar roba kuwa idan rana ta buge ta dafa saiwar take yi. Ƙasar laka ita kaɗai tana daskarewa ta hana iska shiga. Haɗin da ke yi wa yawancin shukoki shi ne kashi biyu ƙasar gona, kashi ɗaya yashi mai tsakuwa, kashi ɗaya taki da ya ruɓe sosai. Kariya da alobera da moda a ƙara musu yashi da gutsattsarin gawayi. Taki kuwa sai wanda ya kwana biyu, ya yi baƙi, warinsa ya tafi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, ɗanyen kashin shanu kuma gayyatar gara ne. Idan takin zamani za a sa, ɗan abin da yatsu uku suka tsinta na NPK ya ishi tukunya, a gefe nesa da gindi, a bi da ruwa.

Ruwa shi ne inda soyayya ke yin ɓarna. Saiwa tana buƙatar iska, idan ƙasa ta zauna a jiƙe kullum sai ta shaƙe ta ruɓe. Abin da ke rikita mutane shi ne shukar da saiwarta ta ruɓe ita ma yaushi take yi, sai a ɗauka ƙishi ne a ƙara mata. Kafin ka zuba, tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu. Idan da danshi ka bari sai gobe. Idan a bushe take ka zuba sosai har ya fito ta hujin ƙasa, domin yayyafi sama-sama yana koya wa saiwa zama a sama inda zafi yake. Da sassafe ko bayan la'asar ake bayarwa. Wanda yake sayen ruwa wurin 'yan garuwa ba sai ya ƙara ko jarka ɗaya ba: ruwan alwala, da na wankin shinkafa, da na ɗaurayar ganye, duk suna yi. A ajiye tukunya ko a dasa lalle daidai inda ake alwala, magana ta ƙare. Ruwan wanki mai omo ko bilic, da ruwan da gishiri ya taɓa, su ne ba a so. Wasu rijiyoyin burtsatse ma ruwansu yana barin farin ɓawo a saman ƙasa. Idan an ga haka a kankare shi, lokaci lokaci kuma a kwarara ruwa mai yawa ya wanke tukunyar.

Kowane lokaci na shekara da nasa hali. Da bazara a tara tukwane wuri ɗaya su yi wa juna inuwa, a ɗaga su daga kan siminti, a rufe saman ƙasar da busasshen ganye ko ɓuntun shinkafa. Da damina a janye masu ajiye ruwa a jikinsu zuwa ƙarƙashin rumfa. Da hunturu girma yakan tsaya, kariya da wata shukar ado da ake kira firanjifani su zubar da ganye, mai su ya tsorata ya yi ta zuba ruwa, alhali hutawa suke yi. Abin da ganye ke so a lokacin shi ne a wanke masa ƙura.

Ƙwari ba su da yawan iri. Akwai darɓa da ke taruwa a kan sabon toho, da wani ƙwaro lulluɓe da abu fari da ke maƙalewa a hammatar ganye. Duk inda ka ga tururuwa na hawa da sauka a jikin shuka, duba da kyau, zaƙin da waɗannan ƙwari ke fitarwa take bi. Maganinsu yana ƙofar gida. 'Ya'yan darbejiya busassu, a daka kimanin rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a fesa da yamma har bayan ganye, a maimaita bayan mako. Ba na son ganin ana fesa maganin gona mai ƙarfi a tsakar gidan da yara ke rarrafe kaji ke kiwo saboda ƙwarin da ruwan darbejiya zai kora.

Yara su ne dalilin da ya sa dole a faɗi wannan da babbar murya: da yawa daga cikin shukokin da suka fi kyau guba ne. Kariya, da firanjifani, da feriwinkil, da oliyanda mai dogon ganye da fure ruwan hoda, da 'yar uwarta mai fure rawaya, duk dangin tumfafiya ne. Oliyanda ta fi su haɗari, dafinta zuciya yake taɓawa, ganye kaɗan yana iya kashe akuya ko tunkiya, kuma ko bushewa ya yi dafin yana nan. Kada a zuba reshenta inda dabbobi ke kiwo, kada a hura wuta da shi. Akwai kuma wata ta falo mai faffaɗan ganye da ɗigon fari, Dieffenbachia, wadda idan yaro ya tauna bakinsa da harshensa za su kumbura. Zaƙami ma furensa fari ne kyakkyawa, amma kowa ya san abin da yake yi wa hankali, ba shi da wurin zama a gida. Ba cewa nake a tumɓuke kariya ba. A ɗora ta inda hannun yaro ba ya kaiwa, a wanke hannu bayan an yanke ta, a kiyaye ido. Idan kuwa yaro ya ci wani abu, a tafi asibiti nan take da reshen shukar a hannu, kada a tsaya ba shi manja ko madara ana jira a gani.

Tsofaffi sukan hana shuka fulawa su ce tana kawo maciji da sauro. Akwai gaskiya a ciki, amma laifin ba na furen ba ne. Maciji maɓoya yake nema da abinci, wato ɓera da kwaɗo. Shingen da aka bari ya cunkushe har ƙasa, da tarin bulo da shara a bayansa, shi ne ɗakinsa. A aske ƙasan shuka yadda ido zai ga gindinta, a share. Sauro kuma ruwa yake nema. Farantin da ake sawa ƙarƙashin tukunya, da tsohuwar taya, da kwalbar da aka jiƙa reshe a ciki, nan sauron da ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi yake ƙwai, kuma daga ƙwai zuwa mai cizo bai fi kwana 7 zuwa 10 ba. A zubar da ruwan faranti, na kwalba a sauya shi duk bayan kwana biyu ko uku.

Wanda yake da fili ya yi tunani kafin ya dasa babbar bishiya. Filamboyan, mai jan furen nan da ke kama wuta a farkon damina a tsofaffin unguwannin ma'aikata na Kaduna da Zariya, saiwarta sama-sama take bi, tana ɗaga daɓe tana tsaga katanga. Ceɗiya da durumi ma wurinsu ƙofar gida ne, nesa da gini da masai. Sannan ba kowace kyakkyawar baƙuwa ake saki ba. Akwai wata ciyawar ruwa daga Kudancin Amurka mai fure shunayya, wadda kyaunta ya sa aka yi ta yawo da ita ƙasa ƙasa. Ta bayyana a ruwayen Legas a 1984, yau ta toshe hanyar jirage da kamun kifi a wurare da dama har tafkin Kainji. Abin da aka cire daga lambu a busar a ƙone ko a binne, kada a zuba a rafi ko kududdufi.

Mafi yawan fulawar da ke gidajenmu ba sayen ta aka yi ba, roƙo aka yi. "Hajiya, don Allah ki ɗan karyo mini wannan." "Ai ba karyawa ake ba, 'yar nan, bari in ɗauko wuƙa." Wannan amsar ta mai sani ce, kuma reshen da ya fito daga gidan maƙwabciya ya fi na kasuwa tabbas, domin ya riga ya sha irin ruwanku ya ga irin ranarku. A nemi izini kafin a taɓa, mai shuka ta fi kowa sanin reshen da za ta iya rabuwa da shi. A zaɓi wanda bai tsufa ba bai kuma yi ɗanye shataf ba, kaurin fensir, tsawon taƙi guda, a yanka daf da ƙasan gaɓa. A cire ganyen ƙasa da duk wani fure, a bar ganye biyu ko uku a sama. Boganbiliya da habiskus da lalle a soka su nan da nan cikin yashi mai danshi, a inuwa, a kifa musu gorar ruwa da aka yanke gindinta don kada su bushe. Kariya da firanjifani kuwa sai an bar bakin yankan ya bushe kwana uku zuwa mako kafin a dasa, in ba haka ba ruɓewa za su yi. Kada a riƙa zaro reshe ana duba ko ya yi saiwa, sabon ganye ne zai ba da labari, wani a mako uku, boganbiliya takan kai wata biyu. A dasa huɗu ko biyar a lokaci guda, domin ba duka ke kamawa ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne farkon damina, daga ƙarshen Mayu zuwa Yuli, sa'ad da iska ta yi laushi zafi ya sauka, yadda kafin hunturu ya shigo saiwa ta riga ta kama ƙasa.